Ina muryar Hamisu Danjibga?

1/ Jiya na rubuta sunan Hamisu Danjibga a Google. Wallahi kusan duk abin da ya fito min labarin yadda aka kashe shi ne. Abin ya tsaya min a rai.

2/ Ga waɗanda ba su san shi ba: wakilin Muryar Najeriya ne a Zamfara, tsohon hannu a aikin jarida. A Satumban 2023 aka neme shi aka rasa har kwana 3, sai gawarsa aka tsinta a ramin sokawe bayan gidansa, unguwar Samaru, Gusau. Allah Ya jiƙansa da rahama.

3/ Mu 'yan waya mun raina rediyo, wai ta tsofaffi ce. To ku tuna Satumban 2021 da aka katse layukan waya a Zamfara kaf. Ba kira, ba WhatsApp. Ni da nake yi wa Baba dariya kan 'yar rediyonsa mai ɗaurin roba, ƙarshe bakin tabarmarsa na koma ina jiran labarai. Bai ce min komai ba, ya dai ƙara murya.

4/ Mutumin Tsafe da na Bungudu ma haka, daga bakin irin su Malam Hamisu suka riƙa jin halin da jiha ke ciki. Ni a wajena wannan hidimar jama'a ce, ba sana'ar tara kuɗi ba.

5/ Don Allah duk mai rahotonsa, a waya ko a kaset, ya ajiye mana ƙarƙashin zaren nan. Abokan aikinsa na NUJ Zamfara, ku ma ku duba ma'ajiyarku. Ko na minti ɗaya ne.