Ƙishirwar da muke tura tsofaffinmu da ita Makka

A Garagumsa mun iya raka maniyyaci. A yi walima, a ɗinka sabbin kaya, a daka yaji da ƙuliƙuli, a cika tashar Takeita da addu'a. Amma cikin duk masu rakiyar nan, mutum nawa ne ya zaunar da tsohuwa ya gaya mata yadda ake buɗe ƙofar bayan gida a jirgin sama? Wannan sakaci namu ne, mu ƴaƴa da malaman lakwal, mu da muke karanta faransanci muna taƙama da waya.

Ku duba tafiyar. Daga Takeita zuwa Yamai, ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Doso, ya haura kilomita 800, wuni guda cur a cikin mota. Sai jira a filin jirgin Diori Hamani, sannan kimanin awa shida a sama kafin Jidda ko Madina, sau da dama cikin dare. Dattijon da bai taɓa shiga jirgi ba dabararsa guda ce: ya daina shan ruwa tun daga gida, don kada fitsari ya kama shi ya tashe mutane ya ji kunya. Sai ya naɗe ƙafa ya daskare a kujera har a sauka.

To iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta hunturu, tana tsotse ruwan jiki. Dogon zama kuwa yana sa jini ya yi guda a jijiyar ƙafa, gudan ya iya ɓallewa ya toshe huhu. Tun a 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa haɗarin wannan yana ninkawa idan mutum ya yi awa huɗu ko fiye a zaune cikin tafiya, ko a jirgi ko a mota. Namu tsohon ya ninka huɗun nan sau nawa kafin ma ya ga jirgin?

Na san amsar da ake bayarwa a majalisa: wai wahalar hajji lada ce, kakanninmu da ƙafa suka bi ta Chadi da Sudan, wasu sai bayan shekaru suka dawo. Gaskiya ne. Amma su tafiya suke yi, jininsu na gudana, in sun iske rijiya su sha. Wane lada ke cikin riƙe fitsari saboda ɗanka ya kasa yi maka bayanin minti goma?

Bayanin kuma ba wuya. Ta sha ruwa duk lokacin da aka kawo, in ba a kawo ba ta roƙa, kyauta ne. Ta tashi ta taka in fitilar ɗamara ta mutu, a zaune kuma ta riƙa motsa yatsun ƙafa da idon sawu. Ja a ƙofar bayan gida na nufin da mutum, kore babu kowa. Ƙarar da masai ke yi in an danna ba jirgin ne ya lalace ba, kuma ba a kwarara ruwa a ƙasa kamar a makewayin gida. Maganin hawan jini da na sukari a jakar hannu suke zama, kada a cusa su cikin babban akwati tare da garin yaji. A sa mata mayafi mai kauri, don sanyin dare a sama ba ya wasa. In an sauka ta ga sha-raɓar ƙafa guda ta kumbura tana zafi, likita za ta nema, kada a tsaya shafa man zafi.

Ba sai mun jira COHO ta aiko takarda daga Yamai ba. Kowane lakwal yana da benci. A jera su layi-layi ranar da babu karatu, a kira maniyyatan garin, a bar hanya a tsakiya, kowace inna da kowane baba su gwada cewa maƙwabci "gafara, zan wuce" har bakinsu ya saba.