Tsoron mai ƙaramin jari ba cuta ba ne

Akwai wata huɗuba da ta cika littattafai da bidiyoyin masu koyar da cacar kartar nan da ake kira poka, cikin Ingilishi da Faransanci, har ga shi tana shigowa wayoyin samarinmu a Maraɗi da Yamai. Huɗubar cewa take: in kana ci a ƙaramin tebur, to hau babba, in gabanka ya faɗi sa'ad da ka ga tarin kuɗin da aka zuba, wannan rauni ne na ƙwaƙwalwa, kuma yana da magani. Sai a ce ka manta cewa kuɗi ne, ka ɗauki ƙwandalolin robar da ke gabanka tamkar ƴaƴan dara. Hukuncin addini a kan caca sananne ne, malamai sun wadatar da mu a kansa. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne huɗubar nan ta ari rigar ilimin halayyar ɗan Adam ta saka, alhali kuwa ilimin da kansa ƙaryata ta yake yi.

Bari in bayyana wa mai karatu yadda tsanin yake. A intanet teburan poka hawa-hawa ne: akwai wanda ake zama da dalar Amurka 2, sai na 5, na 10, na 25, na 50, na 100, har zuwa na dubbai. Dokokin wasa ba su sauyawa, kartar nan 52 ce a ko'ina. Abu biyu ne ke sauyawa, nauyin kuɗi da gwanintar abokan zama. Tsanin ya sami kwarjini ne a 2003, lokacin da wani akanta ɗan jihar Tenesi mai suna Chris Moneymaker ya sami kujera a babbar gasar duniya ta Las Begas ta hanyar wata ƴar gasa ta intanet da kuɗin shigarta bai kai dala 100 ba, ya kuma tashi da dala miliyan 2.5. A shekarar nan mutum 839 suka shiga gasar. A 2006 sun kai 8,773, kowace kujera dala 10,000. Tun daga nan kowane saurayi mai kwamfuta ya fara ganin kansa a ƙolin tsani.

To me ilimin halayyar ya ce? A 1979 Daniel Kahneman da Amos Tversky suka nuna cewa zafin hasara ya fi daɗin ribar da ta yi daidai da ita, kuma bincikensu na 1992 ya kimanta ninkin da kusan biyu. Masu huɗuba sun cafke wannan suna cewa ga shi nan, ƙwaƙwalwa ce ke yaudarar ka, sai ka horar da ita. Amma sun tsallake sauran karatun. A 1990 Richard Thaler da Eric Johnson sun bayyana halaye biyu da ke kama mai caca. Wanda ya ci yakan ɗauki ribar kamar ba tasa ba, sai ya yi wasa da ita da gangan. Wanda aka cinye kuwa yakan rungumi kasada mai girma muddin akwai ƙyallin fatar maido da abin da ya rasa. Waɗannan su ne ƙofofi biyu da ake bi a hau babban tebur: wani ya hau cikin mayen nasara, wani ya hau da zafin ramuwa. A duk hali biyun, tsoro ne kaɗai ya rage mai faɗa wa mutum gaskiya, kuma shi ake so a kashe.

Daɗin daɗawa, yawan kuɗi da kansa yana ɓata aikin hannu da na kai. Dan Ariely da abokan aikinsa sun buga wani gwaji a 2009 da suka yi a karkarar Indiya kusa da Madurai. Sun ba mutane wasannin da ke buƙatar natsuwa da tunani, da lada hawa uku, mafi girma ta kusa kai abin da mutum ke kashewa a wata. Waɗanda aka yi wa alkawarin babbar lada su suka fi yin kuskure. Ke nan ɗan wasan da ya hau sabon tebur yana haɗuwa da abokan zama da suka fi na da gwaninta daidai lokacin da tasa gwanintar ta ragu. Burgar da yake yi cikin sanyin jiki a teburin dala 10, hannu na rawa zai yi ta a na 100, su kuwa tsofaffin kuraye suna kallon sa.

Mai huɗuba zai ce ai shi ya sa ake horo, gwanaye ba su jin wannan tsoro. Labarin Andy Beal ya ishe mu amsa. Attajirin banki ne daga Teksas, wanda tsakanin 2001 da 2006 ya yi ta zuwa Las Begas yana ƙalubalantar manyan gwanayen poka na duniya, irin su Doyle Brunson da Chip Reese da Jennifer Harman. Ya san sun fi shi iya wasa, don haka dabararsa ita ce ya ɗaga kuɗi har ya kai inda su ma za su ji a jikinsu. Me gwanayen suka yi? Ba su zauna suna horar da numfashi ba. Karo-karo suka yi, suka haɗa jarinsu wuri guda, suna karawa da shi ɗaya bayan ɗaya, suna kuma ciniki da shi a kan a rage yawan abin da ake zubawa. Duk da haka, a watan Mayu na 2004 ya cinye musu dala miliyan 11.7 a zama ɗaya, a Fabrairun 2006 kuma ya share asusun nasu sai da suka sake tarawa, kafin Phil Ivey ya ƙwato miliyan 16.6 cikin kwana uku. Gwaninta ta yi rinjaye daga ƙarshe, na yarda. Amma da kowannensu ya zauna da aljihunsa shi kaɗai, da Beal ya kwashe su tun kafin gwanintar ta sami lokacin nuna kanta. In waɗannan sun ji tsoro har suka nemi ƴan'uwa, wane ne saurayin da za a ce wa tsoronsa cuta ce?

Waɗanda suka kashe tsoron fa, mun ga inda suka kwana. Archie Karas, haifaffen Girka, ya shiga Las Begas a ƙarshen 1992 da dala 50, ya ranci 10,000, ya yi ta hawa har ya tara kimanin miliyan 40. A 1995 ya zubar da mafi yawansu cikin mako uku, akasari a teburan da ba su da alaƙa da gwaninta. Viktor Blom, ɗan Suwidin mai shekara 19, ya bayyana a manyan teburan Full Tilt Poker a 2009 da laƙabin Isildur1, ribarsa ta kusa kai miliyan 6 a watan Nuwamba, ran 8 ga Disamba kuma ya yi hasarar miliyan 4.2 a hannun Brian Hastings cikin ƴan sa'o'i. Waɗannan ma sunayensu ya rage ne don kuɗin sun yi yawa. Dubban da suka hau daga dala 25 zuwa 100 suka faɗo da kuɗin haya da na rance, babu mai rubuta littafi a kansu.

Ban musanta cewa poka tana da lissafi ba, ko cewa wasu ƴan kaɗan sun hau tsanin a hankali sun zauna. Su kansu ƙa'idarsu ta tona asirin huɗubar. Suna cewa kada ka zauna a tebur sai jarinka ya ninka kuɗin zama sau 20 ko 30 ko fiye, domin gwani ma yakan yi dubban zagaye yana hasara saboda juyin sa'a kawai. Teburin dala 100 ke nan yana neman dala 3,000, wato sama da sefa miliyan ɗaya da rabi, kuɗin da in sun salwanta ba za a fasa ɗora tukunya a gida ba. Wanda ke da irin wannan rara ba ya buƙatar mai koya masa natsuwa, aljihunsa ya natsar da shi. Wanda ba shi da ita kuwa, duk horon duniya ba zai mayar da kuɗin buhun hatsi ƴaƴan dara ba.

Sai mu tambayi wa ke cin moriyar hawan. Gidan caca yana cire la'adarsa daga abin da aka zuba a tebur, ko wa ya ci. Gwanayen sama ba su iya rayuwa da cinye juna, sai da sabon kuɗi da ke hawowa daga ƙasa a aljihun masu gwada sa'a. Mai koyarwa shi ma yana sayar da darasinsa ga wanda ya faɗo yana neman dalilin faɗuwarsa, sai a ce masa laifin zuciyarsa ne, ya sake biya ya sake hawa. Dukansu suna da amfani a kan ka daina jin tsoro, kai kaɗai ke da amfani a kan ka ji shi.

Don haka, ya kai saurayi, in ka ji ƙirjinka ya buga a gaban kuɗin da ya fi ƙarfinka, kada ka yarda a ce maka ragwanta ce. Lissafi ne jikinka ya riga kanka gamawa, kuma amsar da ya samu daidai take. Hausawa sun ce kowa ya hau motar kwaɗayi, tashar wulaƙanci zai sauka. Tashi daga teburin tun kuɗin motar komawa gida na aljihunka.