A Bar Mana Gasar Ranar Alhamis

 

Tun farkon wannan shekara muke jin ana ta magana a kan gasar tambaya da amsa da muke yi kowace Alhamis da hantsi a farfajiyar madarasa. Wasu iyaye sun ce ɓata lokaci ne. Wani dattijo ma ya tare mu a ƙofar masallaci ya ce, "To ku yara, sanin wanda ya ci ƙwallo a ƙasar Turawa, me zai ƙara muku ranar gobe?" Mun sunkuyar da kai ba mu tanka ba, don ba a musu da babba a tsaye. Amma tunda an ba mu shafi a wannan littafi, za mu faɗi namu ra'ayin cikin ladabi. Muna roƙon a bar gasar, a gyara ta.

Gaskiya Baba yana da hujja. A zagayen farko na bana an tambaye mu ƙasar Afirka ta farko da ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar cin kofin duniya. Kafin Malam ya rufe baki duka aji ya ɗauka: Maroko, a Katar, 2022! An tambayi shekarun Roger Milla na Kamaru lokacin da ya ci ƙwallo a gasar 1994, har ƴan ajin ƙasa sun san 42 ne. Sai Malam ya gyara zama ya ce, "Wane gari ne babban birnin Nijar kafin Yamai?" Wallahi tsit kake ji. Wani ya ce ai Yamai ce tun fil'azal. Ashe Damagaram ce, sai a 1926 Faransawa suka mai da hedikwata Yamai. Ranar mun ji kunya ba kaɗan ba.

Amma a lura, ba don gasar ba, da har yau ba mu san cewa ba mu sani ba. Wannan kunyar ce ta tura mu bincike. Mako na gaba kowa ya zo da abin da ya samo. Wani ya zo da labarin Sarauniya Mangu da ta tare rundunar Voulet da Chanoine a Lugu a 1899. Wata ta gano cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda muke jin sunansa kullum a darasin tarihi, an haife shi a Maratta a 1754, kuma garin yana cikin Nijar ta yau. Wani kuma ya ce hasumiyar babban masallacin Agadas ta laka ce, tsawonta mita 27. Ɗaya daga cikin ƴan matan ajinmu ta rufe mana baki da cewa masallacin Ƙarawiyyin na birnin Fas, wanda ya zama babbar cibiyar karatu, mace ce ta gina shi, Fatima al-Fihri, a shekara ta 859. Tun daga ranar samarin aji suka rage cika baki.

Ko a wasannin ma muna da namu. Da yawanmu mun san lambar rigar Messi, amma ba mu san Issaka Dabore ba, ɗan damben da ya kawo wa Nijar lambar tagulla daga wasannin Olamfik na Munich a 1972. Sai bayan shekara 44 Abdoul Razak Alfaga ya ciwo ta azurfa a wasan takwando a Rio, a 2016. Mena kuwa ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin Afirka ba sai a 2012. Haka a fim: Oumarou Ganda, ɗan ƙasar nan, shi ne ya fara ɗaukar babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1972. Yaron da ya san waɗannan ba zai riƙa ganin cewa duk wani abin kirki daga waje yake zuwa ba.

Akwai wani amfani da ya fi wannan, wato tantance labari. Wata rana ƙungiya ɗaya ta ci maki da cewa ana hango babbar ganuwar ƙasar Sin daga duniyar wata. Da aka tambaye su inda suka samu, sai suka ce a WhatsApp aka turo. Malam ya bincika ya tarar ba gaskiya ba ne, ya ƙwace makin. Aka yi ta dariya, amma ya ce mana wannan shi ne abin da muke karantawa a darasin hadisi: kafin ka karɓi magana, ka tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji. A zamanin da ƙarya ke yawo a waya fiye da gaskiya, wannan tarbiyya ba ƙarama ba ce.

Don haka ga shawararmu ga hukumar makaranta. Na ɗaya, rabin tambayoyi su zama na tarihin Musulunci da na ƙasarmu, sauran a raba tsakanin wasanni da al'adu. Na biyu, duk wanda ya kawo tambaya ya faɗi inda ya samo ta. Na uku, wanda bai kawo haddarsa ta mako ba, kada ya shiga gasa, ko da shi ne gwanin aji. Na huɗu, a riƙa gayyatar dattawan unguwa su zo da nasu tambayoyin, don abin da babba ya hango yana zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba. Muna fata Baban da ya tare mu shi zai fara zuwa, mu ga ko za mu iya amsa masa ko guda uku.

  

Daga ɗaliban aji na shida