Abin Da Muka Tarar A Cikin Sitiyarin Yaya

A ƙarshen makon jiya na leƙa gida, can cikin karkarar da ke tsakanin Kura da Bunkure, domin in gaishe da mahaifiyarmu in kuma ga yadda aikin rani ya kankama. Duk wanda ya san wannan yanki ya san cewa tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noma ya daina jiran damina a wurinmu. Ruwa na biyo magudanai ya ratsa gonakin Kadawa da Karfi da sauran ƙauyuka, a ɗebe shinkafa a zuba alkama, a tsinke tumatir a kai Kwanar Gafan. Da albarkar wannan ruwa ne manomanmu da yawa suka sauka daga kan keke suka hau babur, wasu kuma suka kai ga mota. Yayana na cikinsu. Shekara uku ke nan da ya sayar da shinkafar kaka guda ya sayi wata Corolla 'yar Kwatano, kuma tun daga ranar babu abin da yake tattali kamarta.

Ina isa ya tare ni da ƙorafi. Ya ce, "Malam, ka zo a kan gaɓa. Hon ɗin motar nan ya ɗauke, ga kuma wata jar fitila ta kama a gabana, mai hoton mutum da ƙwallo a cinyarsa. Ku da kuka yi boko, me take nufi?" Na ce, "Yaya, wannan fitilar jakar iska ce, wadda ke naɗe a cikin sitiyari. Tana gaya maka cewa akwai matsala, kuma in aka yi karo ba lallai jakar ta buɗe ba." Ya yi dariya ya ce shi dai hon ne damuwarsa, domin a bakin magudana kullum sai ka yi kiciɓis da shanu ko yara ko masu babur ɗauke da kwanduna.

Muka nufi garejin wani dattijon bakanike a bakin titin Zariya. Muna tsayawa wani yaronsa ya zaro sukuddireba ya faɗa kujerar direba, makulli na jikin mota, ya kama laluben bayan sitiyari. Dattijon ya daka masa tsawar da har ni sai da na razana. Ya ce, "Kai! Sauko. Ka cire kan batir?" Yaron ya sunkuyar da kai. Dattijon ya juyo gare mu ya ce, "Alhaji, ku yi haƙuri, sabo ne. Bai san abin da ke cikin nan ɗan'uwan harsashi ba ne."

Maganar dattijon nan gaskiya ce tsagwaronta, ko da bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Sunan da muke kiran abin da shi ne ke ruɗar mu, sai mu zaci wata balan-balan ce mai taushi. A bayan wannan jaka akwai wani ɗan gwangwanin ƙarfe cike da sinadari mai kamawa da wuta. Idan mota ta daki wani abu da ƙarfi, na'urorin da ke jin karo su sanar da kwamfutar motar, ita kuma ta aika lantarki ya kunna sinadarin, iska ta cika jakar cikin abin da bai kai rabin ƙiftawar ido ba. Gudun fitowarta kan kusanci kilomita 300 a awa. Dalilin wannan gaggawa a fili yake: motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa guda, saboda haka in jakar ta yi nawa, ƙirjin direba ya riga ya isa sitiyari. To, abin da aka ƙera domin ya tare mutum a irin wannan gudu, in ya tashi a fuskar yaron da ya sunkuya a kansa, yana iya karya masa wuya ko ya makantar da shi.

Na ja benci na zauna ina kallon yadda dattijon ke aikinsa, domin na daɗe ban ga darasi mai tsari kamarsa ba. Da farko ya sa aka daidaita tayoyin gaba suka miƙe sak, ya zare makulli ya jefa aljihu. Ya kwance kan batir na baƙar waya, ya kawar da shi gefe yadda ba zai koma ya taɓa ba. Sannan ya ce a kawo shayi. Yaya ya fara ƙosawa, dattijon ya ce masa, "Alhaji, motar nan tana ɓoye wuta ko an cire batir." Haka abin yake, domin an yi wa kwamfutar jakar iska wata 'yar ma'ajiyar lantarki, don ko batir ya tarwatse a haɗari jakar ta iya tashi. Wasu kamfanonin sun ce a jira daƙiƙa 90, wasu 'yan mintuna. Shi dai minti goma yake ba ta, ya ce jira bai taɓa kashe kowa ba.

Daga nan ya kwance sukurori biyu da ke bayan sitiyarin, ya ɗago murfin tsakiya a hankali yana kawar da fuskarsa. Yana cikin yi yana koya wa yaron: duk wayar da ka ga mai ruwan ɗorawa ta jakar iska ce, ba a yanka ta, ba a yi mata ƙari, ba a ɗora mata mitar gwajin wuta, domin ɗan lantarkin mitar ma yana iya tayar da ita. In ka ciro ta, ka riƙe ta fuskarta na kallon gaba da kai, in za ka ajiye kuma fuskar ta kalli sama, don in ta tashi a kife gwangwanin ne zai yi tsalle kamar dutsen majajjawa.

Bai ƙarasa wannan bayani ba sai na ga ya yi shiru. Ya auna murfin a tafin hannunsa, ya juya shi, ya kira Yaya. Babu gwangwani, babu jaka. Wani tsohon soso ne aka cusa a ciki aka liƙe da gam, a bakin wayar kuma an maƙala wani ɗan ƙanƙanin abu da bai fi ƙwayar shinkafa ba. Masu gyaran rediyo sun san shi, rizisto suke ce masa. Aikinsa a nan shi ne ya yaudari kwamfutar motar ta zaci jakar na nan lafiya, don kada fitilar gargaɗi ta kama. Shekara uku Yaya na bin titin Kano zuwa Zariya, yana ɗaukar matansa da 'ya'yansa, yana kai mahaifiyarmu asibiti, alhali soson katifa ne a gaban ƙirjinsa. Da ba don wata waya ta tsinke ta tona asirin ba, da sai ranar karo za a sani. Yaya ya daɗe yana kallon soson nan, sannan ya ce, "Kuma sai da mutumin ya rantse mini ba ta taɓa haɗari ba."

Wayar da ta tsinke ita ce ta biyu a darasin. A bayan sitiyari akwai wani faifai mai ɗauke da siririyar waya a nannaɗe kamar zaren kaset, wadda ke ba sitiyari damar juyawa dama da hagu ba tare da hon da jakar iska sun rabu da wuta ba. Dattijon ya yi wa sitiyarin da sandarsa alama da alli, ya sassauta babban notin tsakiya amma bai zare shi duka ba, don kada sitiyarin ya ƙwace ya bugi haƙoransa in ya finciko. Da zai ɗaura sabon faifai, sai da ya juya shi a hankali har ƙarshe, ya komo da shi zagaye biyu da rabi ya tsaya a tsakiya. Ya ce nan ne gaggawa ke cin kanikawa: in ka ɗaura shi a karkace, ranar da direba ya karya kan mota har ƙarshe, wayar ta tsinke. Ya mayar da sitiyarin kan alamar alli, ya ɗaure notin da sifana mai awo, sannan ya mayar da batir babu kowa a kujerar. Hon ya dawo. Jaka kuwa babu, kuma ya ƙi mayar da riziston. Ya ce, "Gara fitilar ta yi ta ci tana tuna maka gaskiya, har ka samo ta kirki."

Abin da ya sa na kawo wannan labari cikin wannan fili shi ne, na tabbata motar Yaya ba ita kaɗai ba ce. Galibin motocin da ke hannun mutanenmu tsofaffi ne daga Amurka da Turai, kuma sananne ne cewa wasunsu a kasuwar gwanjon motocin da suka yi haɗari ake sayo su. A buga jiki, a fesa fenti, a liƙe murfin sitiyari, a kawo mana tana sheƙi. Jakar iska sau ɗaya take tashi a rayuwarta, sabuwa kuma da tsada, saboda haka mai neman ƙazamar riba ya fi son soso da gam. Wasu ma ƙwan fitilar gargaɗin suke cirewa gaba ɗaya. Akwai kuma motocin da aka ƙera da sitiyari a dama, aka juyo shi hagu a gareji, tunda Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilu, 1972. A irin wannan juyi ana yayyanka wayoyi a yi musu ƙari, kuma da wuya jakar iska ta tsira da lafiyarta.

Ko wanda jakarsa ke nan ma, da sauran magana. Kamfanin Takata na Japan ya shafe shekaru yana ƙera jakunkunan iska da sinadarin amoniyam naitiret, wanda dangin takin zamani ne, kuma shi ne ya tarwatsa tashar jiragen ruwa ta Beirut a watan Agustan 2020. Manomin Kura ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kan yadda taki ke canzawa in ya sha zafi da laima. Haka wannan sinadari ke lalacewa a cikin gwangwani in shekaru suka tura, ranar da ya tashi sai ya fasa gwangwanin, ɓaraguzan ƙarfe su feso wa direba a fuska da wuya. A Amurka kaɗai an yi kiranyen jakunkuna kimanin miliyan 67 domin a canza su kyauta, fiye da mutum 20 sun mutu a can, kamfanin kuma ya durƙushe a 2017. Cikin motocin da abin ya shafa har da Honda Accord da Civic da Toyota Corolla na farkon shekarun 2000, wato dai irin waɗanda suka cika titunanmu. Motar da ta baro Amurka kafin a canza mata, da cutarta ta iso, ta kuma tarar da zafin bazara da laimar damina.

Na san abin da wani zai ce, domin Yaya ma ya faɗa: tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma manomin da ya yarda da ƙaddara bai taɓa barin bakin magudana a buɗe ya tafi barci ba, kuma bai fasa yi wa tumatirinsa feshi ba. Hukumar kula da lafiyar tituna ta Amurka ta ƙiyasta cewa jakar iska ta ceci rayuka sama da 50,000 a ƙasar tsakanin 1987 da 2017. Sai dai an ƙera ta ne ta yi aiki tare da bel ɗin kujera. Wanda bai ɗaura bel ba, jikinsa zai tarbi jakar tun tana kan fitowa, abin ceto ya zame masa abin rauni. Ana kuma son a bar tazarar kamar santimita 25 tsakanin ƙirji da sitiyari, kada kuma a zaunar da ƙananan yara a gaba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta daɗe tana tilasta ɗaura bel, amma har yau direbobinmu sai sun hango jami'anta suke yafa shi a kafaɗa.

Ga mai shirin sayen mota da kuɗin kakar bana, ina da shawara uku. Murɗa makulli ba tare da ka tayar da inji ba: fitilar jakar iska ta kama na 'yan daƙiƙu sannan ta mutu da kanta. In ba ta kama ba sam, ko ta ƙi mutuwa, akwai magana. Wannan gwaji ba ya kama mai rizisto, don haka ka je da bakanike amintacce ya buɗe murfin a gabanka bisa ƙa'ida, tun kafin kuɗi su bar hannunka. In kuma motar daga Amurka ta zo, ka sa ɗalibin gidanku ya shigar da lambar jikinta, mai haruffa da alƙaluma 17, a shafin intanet na waccan hukuma, zai ga ko akwai kiranyen da ba a amsa ba. Mai zuwa Ƙofar Ruwa neman ta hannu kuwa, ya tabbatar ta irin motarsa ce kuma ba ta sha ruwa ba. Araha ba ta ado, balle a abin da rai ya rataya a kansa.

Su ma hukumomi da nasu kason. Bai kamata binciken lafiyar mota ya tsaya a kan burki da taya da fitila ba, ya kamata fitilar jakar iska ta shiga lissafi, sayar da mota da jakar bogi kuma a ɗauke shi laifin da ake hukunta mutum a kansa. Ƙungiyar kanikawa ta NATA da kwalejojin fasaha da jami'o'inmu za su iya haɗa hannu su shirya gajeren horo da Hausa ga yaran gareji. A nan ni ma ina da laifi, ni da abokan aikina: muna koyar da lissafin gudu da karo a kan allo, amma ba mu taɓa taka ƙafa mun je inda ake kwance sitiyari ba. Dattijon nan ya san abin da ya sani ne ta doguwar gogayya, kuma yara nawa ne suka yi sa'ar samun maigida irinsa?

Da za mu tafi, Yaya ya ɗauki soson ya sa a aljihun mota, ya ce zai nuna wa abokansa a majalisa. Da muka hau titi na ga ya jawo bel ya ɗaura, ba tare da na ce masa uffan ba. Jar fitilar na nan tana ci a gabansa, kuma ya yi alkawarin in tumatir ya yi kuɗi, ita zai fara kashewa, ta hanyar da ta dace. Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya sa mu ga mako mai zuwa lafiya.