Kifi abinci ne, amma ba ya maye gurbin awon ciki

'Yan'uwana mata masu juna biyu, da ku magidanta, ana yawan tambayarmu a ɗakin awo ko gaskiya ne kifi na sauke hawan jini. Tambayar ba abin mamaki ba ce ga mutanen Jibiya, inda ake samun tarwaɗa da ƙarfasa daga dam, ga kuma banda da magunguna iri-iri da ke kai-komo ta kan iyakar Magama zuwa Maraɗi.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Idan aka narkar da naman kifi, ana samun wasu ƙananan gutsattsarin furotin da masana ke kira feftaid. Wasu daga cikinsu na rage ƙarfin wani sinadarin jiki da ke sa hanyoyin jini su tsuke. A Japan, inda aka kafa tsarin tantance abincin inganta lafiya a 1991, an amince da irin wannan da aka tato daga kifin sadin. Sai dai saukin da yake kawowa ɗan kaɗan ne, kuma a kan manya masu ɗan hawan jini aka gwada shi, ba masu ciki ba.

A nan ne damuwata take. Hanyar da feftaid ke bi ita ce hanyar da magunguna irin su captopril da lisinopril ke bi, kuma waɗannan an hana mai ciki shan su, domin suna lalata ƙodar jariri. Saboda haka ban yarda mai ciki ta sayi gari ko ƙwaya da sunan "maganin kifi" ba, ko da kuwa kwalin na da kyau. Wadda ke shan maganin hawan jini tun kafin ta samu ciki, ta zo da kwalinsa mu gani, a sauya mata da wanda ya dace, kamar methyldopa ko nifedipine.

Hawan jinin ciki daban yake. Yakan bayyana bayan sati 20, kuma sau da yawa mace ba ta jin komai sai an auna an ga 140/90 ko fiye. Idan aka bar shi, yana iya kai wa ga jijjiga. Ciwon kai mai tsanani, ganin hazo-hazo, ciwo a saman ciki, kumburin fuska da hannaye: duk wadda ta ga ɗaya daga ciki, a kai ta asibiti mafi kusa nan take, ko da tsakar dare ne. Maigida, ka bar izini da kuɗin mota a gida kafin ka tafi fatauci.

Kifi kuwa, ku ci. Yana gina jikin uwa da na jariri. A dafa shi ya nuna sosai, a wanke banda da ruwan zafi, a sassauta hannu wajen gishiri da dunƙule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5, kusan ƙaramin cokali ɗaya ke nan, kuma tun 2016 take ba da shawarar zuwa awo aƙalla sau takwas kafin haihuwa.