Wa Ya Ɗaure Harshen Ɗalibin Anka?

A shekarar 1986 Elaine Horwitz ta Jami'ar Texas da ke Amurka, tare da abokan aikinta biyu, ta fitar da ma'auni mai tambayoyi 33 don auna fargabar mai koyon baƙon harshe a aji. Sun kasa fargabar gida uku: tsoron buɗe baki a gaban jama'a, tsoron jarrabawa, da tsoron a raina mutum idan ya yi kuskure. Tun daga nan ma'aunin yake yawo a duniya. An raba shi ga ɗaliban jami'o'in Turkiyya, Sin, Indonesiya da Saudiyya. Ya iso tsangayoyin ilimi na Najeriya, inda ya zama gajeriyar hanyar kammala kundin digiri: a raba takarda, ɗalibai su zaɓi "na yarda" ko "ban yarda ba", a lissafa, a sanar cewa suna tsoron magana da Turanci.

Kowane malamin firamare a Nasarawar Burkullu ya san haka ba tare da kwamfuta ba. Abin da irin wannan bincike yake kauce wa shi ne asalin tsoron. Ma'aunin yana duban zuciyar yaro, shi ya sa maganin da ake rubutawa kullum nasa ne: ya ƙara ƙarfin hali, ya rage kunya. Makarantar kuwa ta fita fes, ba laifi.

Zancen kunya shi ne mafi rauni. Yarinyar da take sunkuyar da kai a ajin Turanci a Gummi ita ce take miƙewa da yamma a Islamiyya ta karanto shafi guda da Larabci, harshen da shi ma ba a gida ta tsotsa ba. Yaron da ya kasa haɗa jimla a Anka shi ne mai cinikin akuya ranar kasuwa, yana ja da dattawa a kan farashi. Bakinsu lafiya lau yake. A aji guda ne kawai yake mutuwa.

Dalilan a fili suke. A makarantu da yawa har gobe ana rubuta sunan wanda ya yi Hausa, a ci shi tara ko a zane shi. In ya gwada Turanci ya musanya "p" da "f", aji ya fashe da dariya. Wanda aka hukunta kan harshensa, aka yi wa dariya kan na aro, shiru ne kaɗai mafakarsa, kuma zaɓin mai hankali ne. Jarrabawar WAEC ma ba ta neman muryarsa: takardar furuci a rubuce ake amsa ta, ɗalibi ya zaɓi harafi da fensir ba tare da ya furta kalma ɗaya ba. Malamin da ke gabansa ta wannan hanya ya biyo, don haka shi ma ya gwammace ya cika allo da rubutu ya juya wa aji baya.

Sannan ga abin da yammacin Zamfara ya gani. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega, Dareta da 'Yargalma. Dalma tana taɓa ji da kaifin fahimta, kuma waɗanda suka tsira sun kai shekarun sakandare. A 2021, bayan sace ɗalibai a Jangebe da Kaya, an rufe makarantun jihar. A Janairun 2022 'yan bindiga suka yi kisan gilla a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. A cikin tambayoyi 33 ɗin nan babu wadda ta san yaron da ya kwana a jeji, ya rasa zango biyu na karatu, sannan aka ce ya tashi ya bayyana hutunsa da Turanci.

Wannan giɓi yana da farashi. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa a firamare, aka mayar da Turanci harshen koyarwa tun daga tushe. Alhali gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi, ba a bar su a baya ba ko a Turancin. Yanzu fargabar da ke aji guda za ta bi yaro zuwa lissafi da kimiyya.

Jami'ar Tarayya ta Gusau da Kwalejin Ilimi ta Maru suna kusa da waɗannan azuzuwa, nauyin kuma a kansu yake. Ɗalibin bincike ya ajiye takardar tambayoyi, ya zauna a bayan aji da agogo, ya ƙirga minti nawa yara suka yi magana cikin arba'in, da abin da ya sami wanda ya yi kuskure. Ya tattauna da su da Hausa. Gwamnatin da ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a 2023 kuwa tana iya hana tarar harshe da takarda guda, ba tare da ta kashe kobo ba.