Ciwon Suga Ba Laifin Cokali Kaɗai Ba Ne

Duk wanda likita ya ce yana da ciwon suga, kafin ya isa gida an riga an yanke masa hukunci: kwaɗayi ne ya ja masa, ko son jiki, ko gado. Har yau wasu na kiransa ciwon masu kuɗi, alhali ga leburori da manoma na fama da shi, mutanen da ba su san hutu ba, ba su kuma tara teɓa ba. Wannan fahimta gurguwa ce, domin ta ɗora wa majinyaci dukkan laifi, ta wanke masu gurɓata iskar da yake shaƙa da ruwan da yake sha.

A tsoka maganar take. Ita ce ke kwashe kusan kashi 80 cikin 100 na sugan da insulin ke korawa daga jini, kuma ranar da ta daina amsa kiran insulin, ciwon suga nau'i na biyu ya kama hanya. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna cewa guba irin su dayoksin da PCB da asenik na raunana sassan da ke ƙona abinci a cikin ƙwayoyin halitta, su haddasa kumburi, su hana suga shiga inda ake bukatarsa. A kan mutane ma an gani. A Taiwan, a 1979, kimanin mutum 2,000 sun ci man girki da PCB ya gurɓata, kuma bayan shekara 24 aka tarar ciwon suga a cikin matansu ya ninka na sauran mata. A 2001 gwamnatin Amurka ta amince ta riƙa biyan diyya ga tsofaffin sojojinta masu ciwon suga da suka haɗu da maganin kashe ciyawa mai dayoksin a yaƙin Biyetnam. A 2018 mujallar Lancet Planetary Health ta buga binciken da ya ƙiyasta cewa ƙurar hayaƙi na da hannu a sababbin kamuwa da ciwon suga miliyan 3.2 a duniya cikin 2016 kaɗai.

Masu ja za su ce zuwan abu biyu tare ba ya nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya. Haka ne, amma ba wanda zai ɗura wa mutane guba don gwaji, kuma da irin wannan hujja aka tabbatar da illar taba sigari. Wasu za su ce wannan magana za ta ba masu shan zaƙi uzuri. Ba wanda ya musanta cewa ƙiba da rashin motsa jiki su ne kan gaba. Sai dai mutum na iya rage suga a shayinsa, amma ba shi da ikon zaɓen iskar unguwarsu, kuma PCB da dayoksin kan maƙale a kitsen jiki shekara da shekaru.

Mu ma a Najeriya ba mu tsira ba. Ana ƙona leda da bola a tsakiyar unguwa, ana babbaka da taya, janareta na turnuƙe kasuwanni, ruwan dattin masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa na gangarawa rafukan da ake noman rani da su. Najeriya ta shiga yarjejeniyar Stockholm ta 2001, wadda ta sa 2025 a matsayin wa'adin daina amfani da na'urori masu PCB, irin su tsofaffin taransifoma, kuma tun 2007 aka kafa hukumar NESREA don tilasta bin dokokin muhalli. Doka tana nan, aiki da ita ya rage.

Likitoci su riƙa tambayar majinyaci inda yake aiki da inda yake kwana, kamar yadda suke tambayar abin da yake ci. Hukumomi kuma su auna iska da ruwa, su bayyana sakamakon, su hukunta mai laifi. Wanda aka hana shi shan zaƙi yana da haƙƙin a hana wasu shayar da shi guba.